Yadda makaɗan jita ke haɗa wayoyinsu da dalma

A duk lokacin da kiɗa ya yanke ba zato ba tsammani a tsakiyar wasa, 'yan kallo kan ɗora laifin a kan wutar lantarki ko lasifika. To amma masu gyaran kayan sauti sun san cewa sau da yawa matsalar tana fitowa ne daga wata 'yar gajeriyar waya, wadda tsawonta bai wuce tafin hannu ba.

Wannan waya ita ce ke haɗa ƙananan na'urorin sauya sauti da makaɗin jitar lantarki ke jerawa a gabansa, yana taka su da ƙafa. Saboda takawar da ake yi musu ne ake kiran su feda.

Duk da cewa ita ce mafi araha a cikin kayan makaɗin, idan ta lalace babu sautin da zai kai ga kunnen jama'a. Wannan ne ya sa makaɗa da dama a Amurka da Turai da sauran sassan duniya suka gwammace su sayi waya da kawunanta daban-daban, su zauna su haɗa da hannunsu.

Asalin feda

Jitar lantarki ba ta da ƙara sosai ita kaɗai. A ƙarƙashin tsirkiyoyinta akwai maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe, wanda ke mayar da motsin tsirkiya zuwa wani ɗan ƙaramin lantarki. Wannan lantarki, wanda yawanci bai kai bolt ɗaya ba, shi ne ke bin waya zuwa amfilifaya inda ake ƙara masa ƙarfi.

Ana saka feda ne a tsakanin jitar da amfilifaya. Wata takan sa sautin ya yi kaushi, wata ta sa ya yi amsa-kuwwa, wata kuma ta maimaita shi bayan ɗan jinkiri.

A shekarar 1962 ne kamfanin Gibson na Amurka ya fitar da wata feda mai suna Maestro Fuzz-Tone, wadda kasuwarta ta buɗe bayan da Keith Richards na ƙungiyar Rolling Stones ya yi amfani da ita a 1965. Daga baya kamfanin Boss na Japan ya fara fitar da ƙananan fedodinsa a 1977.

A yau ba abin mamaki ba ne a ga makaɗi ɗaya da feda biyar ko goma a jere a kan allo guda. Sautin yana shiga ta farko, ya fita ya shiga ta biyu, a haka har ya kai ta ƙarshe.

Idan feda biyar ce, ana bukatar gajerun wayoyi huɗu a tsakaninsu. Kowace waya tana da kai biyu, kowane kai kuma yana da wuri biyu da ake liƙewa da dalma. Ke nan akwai mahaɗai 16, kuma guda ɗaya tak da ta saki ta isa ta kashe sautin baki ɗaya.

Abin da ke cikin wayar

Idan aka fere wayar jita za a ga hanyoyi biyu. A tsakiya akwai zaren jan ƙarfe mai ɗauke da sautin, an lulluɓe shi da roba. A kewayensa kuma akwai wata saƙa ta siraran wayoyi, wadda aikinta shi ne kare sautin daga hayaniyar lantarkin da ke yawo a wurin.

Wutar gida a Nijeriya da Nijar da ƙasashen Turai tana juyawa sau 50 a cikin daƙiƙa guda, a Amurka kuma sau 60. Wannan juyi ne ke haddasa gurnanin da ake ji a lasifika idan saƙar ta tsinke ko ba ta liƙu da kyau ba.

Shi kuwa kan wayar, wanda kaurinsa ya kai milimita 6.35, ya samo asali ne daga allunan haɗa layin tarho na ƙarshen ƙarni na 19. Yana da sassa biyu: tsininsa, inda ake haɗa zaren tsakiya, da gangar jikinsa, inda ake haɗa saƙar.

Akwai kuma batun tsawo. Kowace waya irin wannan tana riƙe ɗan caji a tsakanin zaren tsakiya da saƙar, abin da ake aunawa da fikofarad. Waya ta yau da kullum tana da kimanin fikofarad 100 a kowace mita.

Hakan na nufin waya mai tsawon mita shida tana da wajen 600, abin da zai iya rage kaifin sautin jita har kunne ya ji bambanci. Amma wadda ba ta wuce santimita 15 ba tana da wajen 15 ne kawai.

Wannan lissafi ya nuna cewa a gajeriyar waya, tsadar jan ƙarfen ko ruwan zinaren da aka shafa wa kai ba su ne ke da muhimmanci ba. Abin da ke raba mai kyau da marar kyau shi ne ingancin liƙin da kuma ƙarfin kan.

Dalilin haɗawa da kai

Dalili na farko shi ne samun tsawon da ake bukata daidai. Wayoyin kanti suna zuwa ne da tsawo ƙayyadadde, wanda ko dai ya gaza ko kuma ya yi yawa ya cukurkuɗe a kan allo.

Na biyu shi ne gyara. Yawancin wayoyi masu araha an narka roba ne an rufe kawunansu, ta yadda idan suka saki daga ciki sai dai a jefar. Kan da ake kwancewa kuwa, ana iya buɗe shi a sake liƙewa cikin mintuna kaɗan, kuma zai iya shekaru ana canza masa waya.

Na uku shi ne kuɗi. Ga mai bukatar waya ɗaya ko biyu, sayen kayan aiki ba riba ba ne. Amma ga mai bukatar goma, ko ƙungiyar makaɗa mai kaya da yawa, sayen waya da mita yakan fi sauƙi.

Akwai kamfanoni da suka yi suna a wannan fanni, kamar Switchcraft na birnin Shikago da Neutrik na ƙasar Lishtenstain wajen kawuna, da kuma Mogami da Canare na Japan wajen waya.

Wasu kamfanonin kuma suna sayar da kawunan da ba sa bukatar dalma, inda ake tura wayar a ɗaure da noti. Suna da saurin haɗawa, sai dai idan ba a ɗaure su da kyau ba sukan saki bayan an yi ta cirewa ana mayarwa.

Kayan aiki

Kayan da ake bukata ba su bambanta da na mai gyaran rediyo a kasuwa ba: ƙarfen narka dalma mai ƙarfin wat 25 zuwa 40, da dalmar kanta, da filaya, da reza ko abin fere waya, da mitar gwajin lantarki, da kuma abin da zai riƙe kan wayar kada ya motsa.

Abin da masu gyara ke kira dalma a haƙiƙa gami ne na ƙarafa biyu, wato kuza da dalma. Wanda aka fi sani yana da kashi 60 cikin ɗari na kuza da kashi 40 na dalma, kuma yana fara narkewa a digiri 183 a ma'aunin Selsiyas.

A cikin zaren dalmar akwai wani irin ƙaron itace da ake kira rozin, wanda ke wanke tsatsar da ido ba ya gani a kan ƙarfe domin dalmar ta kama. Masana na gargaɗin kada a yi amfani da dalmar masu gyaran famfo, domin sinadarin da ake haɗa ta da shi yana cin jan ƙarfe sannu a hankali.

Matakan aikin

Da farko ana jera fedodin yadda za su zauna, a auna tazarar da ke tsakaninsu, a yanke wayar tare da ɗan ƙari domin lanƙwasa.

Kafin a taɓa dalma, sai a zura murfin kan a jikin wayar. Mantawa da wannan shi ne kuskuren da kusan kowane sabon shiga ke yi, kuma maganinsa shi ne a warware aikin a sake.

Daga nan sai a fere robar waje kimanin santimita ɗaya da rabi, a hankali, don kada reza ta yanke saƙar. A tattara saƙar gefe guda a murɗe ta ta zama zare ɗaya.

A nan ne ake bukatar lura. Wayoyin jita masu kyau suna da wata baƙar fata siririya a ƙarƙashin saƙar, wadda ke rage ƙarar da waya ke yi idan an motsa ta. Wannan fata tana kama da roba, amma lantarki yana bi ta cikinta. Dole ne a ɓare ta ta koma baya, domin idan ta taɓa zaren tsakiya sautin zai yi rauni ko ya dusashe, kuma da wuya a gane dalili.

Bayan an fere milimita uku ko huɗu na robar ciki, sai a shafa wa zaren tsakiya da saƙar dalma kaɗan, haka ma wuraren biyu da ke jikin kan. Wannan share fage yana sa haɗin ƙarshe ya zo da sauri.

Babbar ƙa'idar aikin ita ce, ƙarfen da za a liƙe ake gasawa, sannan a kawo dalma ta narke a kansa. Idan aka narka dalmar a bakin ƙarfen liƙi aka ɗiga ta a kan wuri mai sanyi, za ta zauna kamar ta kama alhali ba ta kama ba. Irin wannan mahaɗa takan yi aiki a gida, sannan ta saki a ranar wasa.

Daƙiƙa biyu zuwa huɗu sun isa a mafi yawan lokuta. Idan aka daɗe, robar ciki takan narke har zaren tsakiya ya haɗu da saƙar. Bayan an ɗauke zafi kuma, ba a motsa wayar ko a hura mata iska har sai ta daskare.

Mahaɗa mai kyau takan kwanta sumul, ta bi jikin ƙarfen. Wadda ta dunƙule kamar ƙwallo ko ta yi gautsi, sake ta ake yi.

A ƙarshe sai a matse maƙallin da ke bayan kan a jikin robar waje, domin idan an ja wayar nauyin ya faɗa kansa maimakon kan dalmar.

Gwaji

Ba a ɗora sabuwar waya a kan allo sai an gwada ta da mita. Tsini zuwa tsini ya kamata wuta ta wuce, haka ma jiki zuwa jiki. Amma tsakanin tsini da jiki bai kamata komai ya wuce ba.

Ana kuma so a riƙa lanƙwasa wayar kusa da kai yayin gwajin, domin wata matsalar ba ta bayyana sai an motsa.

Batun lafiya

Dalma guba ce, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadi nata a jikin ɗan Adam da za a ce ba ya cutarwa. Jama'ar arewacin Nijeriya ba su manta da abin da ya faru a jihar Zamfara a 2010 ba, inda yara aƙalla 400 suka rasu sakamakon gubar dalma daga duwatsun zinare da ake niƙawa a cikin gidaje.

Adadin da mai liƙin waya ke taɓawa bai kai wannan ba, amma hanyar shigarta ɗaya ce, wato daga hannu zuwa baki. Don haka ba a ci ko sha a wurin aiki, ba a riƙe zaren dalma da haƙori, ana wanke hannu da sabulu bayan an gama, kuma ana share ɓurɓushin kada yara su ɗauka.

Hayaƙin da ke tashi kuwa na rozin ne, kuma yawan shaƙarsa na iya jawo ciwon asma. Shi ya sa ake son a yi aikin a inda iska ke ratsawa.

Tun daga ranar 1 ga watan Yulin 2006, Tarayyar Turai ta taƙaita amfani da dalma a yawancin kayan lantarkin da ake sayarwa a ƙasashenta. Gamin da ya maye gurbinta, na kuza da azurfa da jan ƙarfe, yana narkewa ne a wajen digiri 217, don haka yana bukatar ƙarin zafi da ƙarin haƙuri.

Ita kanta gajeriyar wayar ba ta ɗauke da wutar da za ta cutar da mutum. Amma amfilifaya, musamman mai kwalabe irin na da, tana iya riƙe ɗaruruwan bolt ko bayan an kashe ta, saboda haka buɗe ta aikin ƙwararru ne.

Inda kanti ya yi nisa

Ba a Turai da Amurka kaɗai wannan ilimi ke da amfani ba. A jamhuriyar Nijar, jitar lantarki ta samu gindin zama a wajen makaɗan Abzinawa, musamman a yankin Agadas, inda ake kaɗa ta a bukukuwan aure, sau da yawa a fili da wutar janareta.

Daga cikin waɗanda suka yi fice akwai Bombino, wanda aka sanya sunansa cikin masu takarar lambar yabo ta Grammy a 2019, da kuma Mdou Moctar, wanda ya ƙera jitarsa ta farko da katako da wayar birkin keke.

A irin waɗannan wurare, ƙura da zafi da jijjigar hanya suna gajiyar da kaya da wuri, kuma kantin sayar da kayan kiɗa yana iya kasancewa tafiyar ɗaruruwan kilomita.

Makaɗin da ya iya riƙe ƙarfen liƙi, ko ya san mai gyaran rediyon da zai nuna wa inda zaren tsakiya da saƙa ke zama, ba zai soke wasa saboda waya ta saki ba. Abin da zai bukata shi ne kai ɗaya na ajiya, ɗan zaren dalma, da kuma minti goma.