Tausar ƙirji: inda take amfani da inda za ta cuce ka

Ni a gidan fataucin shanu na tashi a nan Lafia, kuma tun ina sakandare nake bin mahaifina kasuwar Shinge idan an yi hutu. Duk wanda ya taɓa rakiyar shanu a tirela daga nan ya bi ta Makurdi, Otukpo har zuwa Lokpanta, ya san yadda jiki ke komawa. Kana zaune a kan katako a duƙe, hannu riƙe da ƙarfe, saniya ta kwanta ka sauka ka ja wutsiya ka tashe ta kafin 'yan uwanta su tattake ta. Ranar da na fara dawowa daga irin wannan tafiyar, ƙirjina ya riƙe kamar an ɗaure shi da igiya, numfashi mai zurfi ma sai na cije. Wani dattijo abokin Baba ya zaunar da ni a benci, ya lakato man kaɗe ya murza min gefen ƙirji da kafaɗa na 'yan mintuna. Wallahi kafin magariba na ji kamar an sauke min kaya.

Tun daga nan na fara tambaya da karance-karance a kan abin, domin ciwon ba na 'yan shanu kaɗai ba ne. Ɗan acaɓa a Fatakwal, mai turin baro a Mile 12, mai ga-ruwa a Agege, tela a Sabo Ibadan, mai wankin takalmi a Onitsha, kai har mai zaman shago da ya wuni kansa a sunkuye kan waya, duk aikinsu hannu a gaba ne, kafaɗa a ranƙwafe.

Ga abin da ke faruwa a ciki. Kowane ɓangaren ƙirji yana da tsoka biyu. Babbar ita ce wadda ake gani, ta taso daga ƙashin tsakiyar ƙirji da ƙashin da ke kwance ƙasan wuya, ta je ta kama saman damtse. Ƙaramar tana ɓoye a ƙarƙashinta, ta taso daga haƙarƙari na 3 zuwa na 5 ta kama wani ɗan ƙugiya a gaban allon kafaɗa. Idan mutum ya shekara yana aiki a duƙe, waɗannan tsokoki sai su saba da zama a takure, su riƙa janyo kafaɗa gaba. Na baya kuma, waɗanda ke tsakanin allunan kafaɗa, su wuni a miƙe suna wahala. Shi ya sa za ka ji mutum yana kukan gadon baya da ƙeya, ana ta danna masa baya, alhali rabin matsalar tana gaba. Kuma jijiyoyin da ke zuwa hannu ta ƙarƙashin ƙaramar tsokar nan suke bi, don haka wani lokaci har yatsu kan yi jiri-jiri.

Tausar ba ta buƙatar kuɗi, kai ma za ka iya yi wa kanka. Ka fara gasa wurin da tsumma da ruwan ɗumi. Ka shafa mai kaɗan, man kaɗe ya isa. Masu son man zafi irin Robb ko Aboniki su sani ɗumin da suke ji a fata yake, ba ya shiga ya narkar da komai, kuma kar a haɗa shi da gashin ruwan zafi don yana iya ƙona fata. Da yatsun hannun dama ka nemo ƙasan ƙashin wuya na hagu, ka riƙa murzawa a hankali daga tsakiya zuwa kafaɗa. Kusa da inda ƙirji ya haɗu da kafaɗa za ka ci karo da wuri mai tsami. Nan ne. Ka danna daidai yadda za ka iya jurewa ba tare da ɗauke numfashi ba, ka riƙe kamar daƙiƙa 30, ka saki. Minti uku zuwa biyar kowane ɓangare. Ba a danna cikin hammata da ƙarfi, ba a danna maƙogwaro, ba a danna kan ƙashi. Wannan al'adar ta samari a ɗakin gwauraye, a ce wa aboki "hau ka taka ni", a bar ta. Haƙarƙari ba katakon tirela ba ne.

Sai dai in faɗi gaskiya, tausa sauƙi take kawowa na ɗan lokaci. Ba ta miƙar da wanda ya ranƙwafe, duk mai ce maka zai gyara maka doro da hannu a zama uku kuɗinka yake so. Abin da ke riƙe sauƙin shi ne abin da ka yi bayanta. Ka tsaya a bakin ƙofa, ka ɗora hannuwa a jikin dogaran ƙofar daga gwiwar hannu zuwa tafi, ka ɗan tura ƙirji gaba har ka ji ya buɗe, daƙiƙa 30, sau uku. Sannan ka matse allunan kafaɗa baya kamar kana son riƙe biro a tsakaninsu, sau goma. Ɗan acaɓa zai iya yi a lokacin jiran fasinja. Ni bayan sallar asuba da la'asar nake yi don kar in manta.

To yanzu ga inda nake so a buɗe kunne. Ba kowane ciwon ƙirji ba ne gajiya. Na tsoka yawanci za ka iya nuna shi da yatsa, yana ƙaruwa idan ka danna ko ka juya hannu, duk da wannan ma ba hujja ce tabbatacciya ba. Amma nauyi a tsakiyar ƙirji kamar an ɗora buhu, yana tafiya hannun hagu ko muƙamuƙi, ga zufa, ga haki, ga tashin zuciya, musamman ga mai hawan jini ko ciwon suga, wannan zuciya ake zargi. Kar a tsaya neman mai tausa ko wanzami, a nemi mota. Tarin da ya kai mako biyu, da rama da zufar dare, a je a gwada majina. Gwajin tarin fuka da maganinsa kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, maganin na wata shida ne, kuma mu da muke kwana mutum takwas a ɗaki ɗaya a bariki mun fi kowa buƙatar sanin haka. Wanda sa ya tunkuya ko ya faɗi a babur, idan tari ko numfashi na soka masa wuri guda, a ɗauki hoto kafin kowa ya taɓa, domin karyayyen haƙarƙari yana iya huda huhu. Mace kuma da ta ji ƙullutu a nono kar ta murza shi, ta kai wa likita ya duba. Namiji ma haka.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ƙwaya. Na san yara da ciwon jiki ya kai su ga tiramol, tun ana haɗiyar ɗaya don a iya fita aiki har ta zama ba a iya tashi sai da ita. Mai lamba 225 da ake sayarwa a tasha ma haramtacciya ce, NDLEA kama ta take yi. Su kuma haɗe-haɗen "maganin gajiya" na masu kemis, da yawa akwai Diclofenac ko Ibuprofen a ciki, waɗanda shansu kullum, balle da yunwa, ke jawo gyambon ciki da lalata ƙoda.

Idan ka yi mako biyu kana tausa da miƙa babu canji, ko hannu ya fara mutuwa, ka nemi sashen fisiyo a babban asibitin garin da kake. A nan Lafia mutane asibitin da a da ake kira Dalhatu Araf suke zuwa, a Kano kuma akwai asibitin ƙashi na Dala. Ka gaya musu ainihin sana'arka da awa nawa kake yi a duƙe, kuma idan kana shan wata ƙwaya ka tafi da kwalinta su gani.