Dalilin da Ya Sa Kamfanoni Ke Ɗari-ɗari da Buɗaɗɗun Manhajojin Rumbun Bayanai

Rumbun bayanai shi ne inda banki ko kamfanin sadarwa ke adana sunayen abokan hulɗa, da ajiyarsu, da duk cinikin da aka yi. Akwai buɗaɗɗun manhajoji irin su PostgreSQL da MySQL waɗanda kowa zai iya ɗauka kyauta, ya duba yadda aka rubuta su, har ya gyara. Duk da haka, manyan kamfanoni da dama sun gwammace su ci gaba da biyan Oracle ko Microsoft kuɗin lasisi mai tsada.

Dalili na farko shi ne neman wanda za a riƙe. Idan rumbun banki ya tsaya da tsakar dare, manaja yana son ya kira kamfanin da ya sa hannu a yarjejeniyar gyara cikin ƙayyadadden lokaci. Wannan hujja ta yi rauni yanzu, tunda kamfanoni irin su EDB da Percona suna sayar da irin wannan tallafi na buɗaɗɗun manhajoji.

Wahalar ƙaura zuwa buɗaɗɗiyar manhaja ce ta fi nauyi. Kamfanin da ya yi shekaru yana rubuta ƙa'idojin lissafinsa da harshen kwamfuta na PL/SQL na Oracle dole ya sake rubuta su, ya gwada ɗaya bayan ɗaya, ya horar da ma'aikata, alhali kuskure guda na iya rikita asusun dubban mutane. Ko sashen cinikin Amazon, da duk injiniyoyinsa, sai da ya kwashe shekaru yana wannan aiki kafin ya kashe rumbunsa na Oracle na ƙarshe a 2019.