Nyeri: Gundumar da Yaƙin Mau Mau Ya Bar wa Tabo

Gundumar Nyeri tana tsakiyar Kenya, tsakanin Dutsen Kenya da tsaunukan Aberdare, ƙasar shayi da kofi da sanyi mai ratsa ƙashi. A nan aka binne Baden-Powell, Baturen da ya kafa ƙungiyar sikawut, wanda ya mutu a 1941, kuma kabarinsa na nan tsaf, baƙi na zuwa daga ko'ina. Dedan Kimathi kuwa, ɗan asalin gundumar, jagoran mayaƙan Mau Mau a daji, har yau ba a gano kabarinsa ba. An rataye shi a kurkukun Kamiti da ke kusa da Nairobi ranar 18 ga Fabrairu, 1957, aka binne shi a can ba tare da wata alama ba. Matarsa Mukami ta yi ta roƙon a tono gawar a ba ta, har ta rasu a 2023 burinta bai cika ba.

Tushen rigimar ƙasa ce. Turawa 'yan kaka-gida sun mamaye gonaki mafi albarka, suka mayar da 'yan ƙabilar Kikuyu 'yan ƙodago a ƙasar kakanninsu. Da tura ta kai bango, matasa suka yi rantsuwa suka shiga daji, gwamnatin mulkin mallaka kuma ta kafa dokar ta-ɓaci a Oktoban 1952, ba ta ɗage ta ba sai 1960. A tsakani an rataye mutum sama da dubu, an kuma tattara mutanen karkara fiye da miliyan cikin ƙauyuka masu shingen waya, don a yanke wa na daji abinci da labari.

Mai neman abin da yaƙin ya bari a Nyeri sai ya yi yawo, domin ba a tara shi wuri guda ba. Akwai kogunan dutse a wajen Naro Moru inda mayaƙa suka ɓuya. A dajin Aberdare akwai wani tsohon itacen ɓaure da ake kira gidan wayan Kimathi, saboda a kogonsa suke ajiye wa juna wasiƙu. Otal ɗin Treetops, inda Gimbiya Elizabeth ta Birtaniya ta kwana a daren da mahaifinta, sarki, ya rasu a 1952, mayaƙan sun cinna masa wuta a 1954. A Ruring'u kuma an mayar da tsohuwar kotun gargajiya gidan tarihi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne makarantu. Sansanin tsare mutane na Aguthi yanzu shi ne sakandaren 'yan mata ta Kangubiri, na Mweru ma ya koma makarantar sakandare. Wasu daga ƙananan ɗakunan da aka riƙa kulle mutane suna nan tsaye, ɗalibai na wucewa ta gabansu safe da yamma. Ba laifi ba ne a mori gini, amma gini ba ya magana sai an yi masa baki, kuma an daɗe ba a yi ba.

Shirun yana da dalili. Bayan samun 'yanci a Disamban 1963, jagoran ƙasar Jomo Kenyatta ya nemi jama'a su yafe su manta, haramcin da Turawa suka ɗora wa Mau Mau kuma ya ci gaba da aiki har 2003. Sai a 2007 aka kafa mutum-mutumin Kimathi a Nairobi, sai kuma 2013 Birtaniya ta amince ta biya fam miliyan 19.9, har da kuɗin shari'a, saboda tsofaffi 5,228 da aka azabtar. Akwai kuma abin da ya fi wannan nauyi a bakin mutanen Nyeri: yaƙin ya raba gida. Wasu sun shiga daji, wasu sun shiga rundunar tsaron gida ta gwamnati, ga shi duk 'yan uwa ne da surukai. Wanda ya harbi Kimathi a ƙafa ranar 21 ga Oktoba, 1956, a bakin daji kusa da Ihururu, ɗan sandan gargajiya ne, Bakikuye kamarsa. Jikokin ɓangarorin biyu kasuwa ɗaya suke ci a yau, wasunsu ma aji ɗaya suke zama a jami'ar fasaha ta Nyeri da aka raɗa wa sunan Kimathi, kuma a gidaje da dama har yanzu ba a gama maganar wanda ya samu gona bayan yaƙi da wanda ya fito daji ya tarar an raba ƙasa ba da shi ba.