Ciwon da ba a faɗa a gida: al'adar 'yan Latino da lafiyar ƙwaƙwalwa

'Yan'uwa ɗalibai, in kuna kallon finafinan Amurka kun sha ganin mutanen da ake kira 'yan Latino. Su ne waɗanda asalinsu ya fito daga Mekziko, Kyuba, Puerto Rico, Salbado da sauran ƙasashen Latin Amurka. Ƙidayar shekarar 2020 ta nuna sun kai miliyan 62 a Amurka, wato kusan mutum ɗaya cikin kowane biyar. Da yawansu, in damuwa ta kama su, ba sa zuwa wurin likitan ƙwaƙwalwa. To, me ya sa? Wani ɓangare na amsar yana cikin al'adarsu, wani kuma cikin tsarin ƙasar da suke zaune.

Babban ginshiƙin al'adarsu shi ne abin da suke kira "familismo", wato fifita dangi a kan kai. Kaka da kawu da goggo duk suna da ta cewa a rayuwar yaro, kuma matsalar mutum ɗaya ta gida ce gaba ɗaya. Wannan rufin asiri ne babba, domin wanda ke da dangi a kusa ba ya faɗuwa shi kaɗai. Amma kuma suna da karin magana cewa a gida ake wanke tufa mai dauɗa. Ka ga kenan zuwa ka zauna gaban baƙo kana zayyana masa sirrin gidanku, a wurinsu kamar cin amanar dangi ne. Ga kuma tsoron "el qué dirán", wato me mutane za su ce. Wannan kam ba sai an yi wa Bahaushe dogon bayani ba.

Sai "respeto", girmama na gaba. Majinyaci zai yi ta gyaɗa wa likita kai ko da bai gamsu ba, don musu da babba rashin ladabi ne. Yana fita sai ya ajiye maganin. Akwai kuma "personalismo": sai an gaisa, an tambayi iyali, an saba, sannan a buɗe ciki. Likitan da ya tsunduma cikin tambayoyi ba gaisuwa, da wuya majinyacin ya dawo. "Machismo" na koya wa namiji cewa ba ya kuka, sai wasu su ɓoye damuwarsu cikin giya ko fushi. "Marianismo" kuwa, daga sunan Maryamu mahaifiyar Yesu, na koya wa mace haƙuri da sadaukar da kai, har ta ɗauki ciwonta a matsayin ƙaddarar da ba a maganarta.

Hatta sunan ciwon daban yake. Maimakon mutum ya ce yana da ciwon damuwa, zai ce yana fama da "nervios", ko ya yi ƙorafin ciwon kai, rashin barci da bugun zuciya. Akwai "ataque de nervios", inda mutum zai ɓarke da ihu da kuka, jiki na rawa, ya ji zafi na tashi daga ƙirji zuwa kai, wani lokaci har ya suma. Yawanci yakan biyo bayan rasuwa ko rikicin iyali. Akwai "susto", imanin cewa firgici mai tsanani ya kori kurwar mutum daga jikinsa. A nan wasu sukan nufi "curandera", mai maganin gargajiya, ta shafe jikin da ƙwai da ganyaye tare da addu'a. Kundin cututtukan ƙwaƙwalwa na likitocin Amurka, DSM-5 na shekarar 2013, ya ambaci waɗannan ukun, don kada likita ya yi gaggawar cewa hauka ne, kada kuma ya raina su, tunda sukan zo tare da ainihin ciwon damuwa ko fargaba.

Wani abin mamaki: a 1998, binciken William Vega a yankin Fresno na jihar Kalifoniya ya gano cewa 'yan asalin Mekziko da aka haifa a Amurka sun kusan ninka waɗanda suka yi ƙaura daga Mekziko wajen kamuwa da cutar ƙwaƙwalwa a tsawon rayuwarsu. Masana na ganin raunin zumunci, wariya da shaye-shaye na cikin dalilai. Luis Zayas, a littafinsa na 2011 kan 'yan matan Latino masu yunƙurin kashe kansu, ya nuna yadda yarinya ke shiga tsaka mai wuya: a gida ana son biyayya irin ta da, a makaranta ana koya mata cin gashin kai, ita da mahaifiyarta kuma sun daina fahimtar juna.

Kada a ɗora wa al'ada laifin duka. 'Yan Latino na cikin waɗanda suka fi rashin inshorar lafiya a Amurka, alhali magani can tsada ne da shi. Masana halayyar ɗan Adam masu jin Sifaniyanci ƙalilan ne, har akan sa yaro ya yi wa uwarsa tafinta. Wace uwa ce za ta ce ta gaji da rayuwa ta bakin ɗanta? Marasa takardun zama kuwa tsoron kora ke hana su kusantar asibiti.

Abin da ya yi aiki shi ne tafiya tare da al'adar. Tun shekarun 1970, José Szapocznik na Jami'ar Miami ya tsara hanyar jinya da ake zama da iyali gaba ɗaya, inda ya fara da iyalan 'yan Kyuba. Ana kuma horar da "promotoras", matan unguwa da jama'a suka yarda da su, su shiga gida-gida da coci-coci suna wayar da kai. Layin agajin gaggawa na 988 da aka buɗe a Yulin 2022 ma yana da sashen Sifaniyanci.

Ku da ke karanta fannin lafiya ko walwalar jama'a, ku riƙe wannan: kafin ka ba wa ciwon mutum suna, tambaye shi sunan da ake kiransa a gidansu, da kuma wa zai so a zauna da shi wajen neman magani.