Ko Kun Sani? Ana Jinyar Firgici da Motsin Ido

A shekarar 1987, wata Ba'amurkiya mai nazarin halayyar ɗan Adam, Francine Shapiro, tana tattaki a wani lambu sai ta lura cewa idan idanunta suka riƙa kai-komo da sauri, tunanin da ke addabarta yakan lafa. Wannan ne asalin jinyar EMDR, wadda ta wallafa bincikenta na farko a kanta a 1989.

Majinyaci zai tuno abin da ya girgiza shi, ko hatsarin mota, ko yaƙi, ko fyaɗe, ya auna zafinsa daga 0 zuwa 10. Sai likita ya riƙa kai yatsu biyu dama da hagu a gaban fuskarsa, shi kuma yana bin su da ido kamar na rabin minti. A dakata, ya ja numfashi, ya faɗi abin da ya faɗo masa a rai, a sake. Haka za a yi ta yi har lambar ta sauko. Jinyar tana da matakai 8, kowane zama kan ɗauki minti 60 zuwa 90.

Masana da yawa na ganin bin yatsun yana shagaltar da ƙwaƙwalwa, sai hoton abin ya dusashe, kaifinsa ya ragu. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da wannan jinyar ga yara da manya masu fama da firgici bayan tashin hankali. Sai dai aikin ƙwararre ne, ba a gwada shi a gida.