Zanen Shaiɗan A Jikin Samarinmu: Daga Ina Ya Fito, Me Yake Jawowa?

Daga Garu

Duk wanda ya saba zaga tashar mota a Garu ko Bawku a lokacin bukukuwan Sallah da Kirsimeti, sa'ad da yaran da suka tafi neman kuɗi Kumashi, Akra da ramukan haƙar zinari suke dawowa gida, ya san ba tsarabar waya da takalmi kaɗai suke zuwa da ita ba. Wasu sukan dawo da zane a damtse, a ƙirji ko a wuya, irin wanda sabulu ba ya wankewa, wato tatu. Akwai masu sunan uwa, akwai masu zaki ko kunama. To amma wanda ya fi tayar wa iyaye hankali shi ne na wata halitta mai ƙaho biyu, da wutsiya, da mashi mai baki uku, wadda aka ce wai Shaiɗan ne.

Zane a jiki dai ba baƙon abu ba ne a wannan yanki. Kusasawa, Mamprusawa, Dagwambawa, Mosawa da Busanga kowa da tsagarsa, haka nan Hausawan da fataucin goro ya kawo Salaga da Yendi sun zo da nasu zube da bille, da wanzamansu. Mata suna da jarfa, suna da katambiri da lalle. Akwai tsagar gado, akwai ta magani, akwai wadda ake yi wa ɗan wabi don kada ya koma. A zamanin da kasuwar bayi ta Salaga take ci, kafin yaƙin basasar 1892 ya watsa garin, tsagar fuska ce take faɗa wa mai saye inda aka kamo mutum. Kowace tsaga tana da ma'anar da jama'a suka sani. Bambancin ke nan da zanen yau, wanda sau da yawa mai ɗauke da shi ma bai san abin da yake nufi ba, a waya ya gani ya ce a yi masa.

Abin da ya kamata mai karatu ya fara sani shi ne, wannan siffa ba tamu ba ce. A karantarwar Musulunci an halicci Iblis daga wuta, kuma yana ganinmu ba ma ganinsa, babu malamin da ya taɓa zana shi a allo. Ko Littafi Mai Tsarki na Kirista bai ba shi kofato ba. Masu zanen coci-coci na Turai ne, ɗaruruwan shekaru da suka wuce, suka haɗa masa wannan kama don su tsoratar da jama'ar da ba ta iya karatu ba, kuma masana da dama suna ganin sun aro ƙaho da ƙafar akuya daga wani gunkin Girkawa da ake kira Pan.

Zanen iri-iri ne. Na farko shi ne jan shaiɗani mai murmushi, mai kaurin layi da launi kaɗan, salon da ma'aikatan jiragen ruwa da sojojin Amurka suka yaɗa. Fitaccen mai wannan salo shi ne Norman Collins, wanda aka fi sani da Sailor Jerry, da ya yi sana'arsa a Honolulu har ya mutu a 1973. A wurinsu abin raha ne da nuna taƙadaranci. Na biyu kan bunsuru ne a cikin tauraro mai tsini biyar da aka kifar. Wannan kam ba na raha ba ne. Hoton bunsurun, da ake kira Baphomet, wani Bafaranshe mai harkar tsafi, Eliphas Levi, ya fito da shi a tsakiyar shekarun 1850, sannan Cocin Shaiɗan da Anton LaVey ya kafa a San Francisco a 1966 ya ɗauki kan bunsuru cikin tauraro ya zama tambarinsa. Sai lambar 666, wadda aka ciro daga littafin Ru'ya ta Yohanna, sura ta 13. Akwai kuma wata fuska mai ƙaho da haƙora waje ta mutanen Japan, Hannya, wadda ba Shaiɗan ba ce sam, fuskar wasan kwaikwayo ce ta macen da kishi ya mayar dodanniya. Da samarin sun san hoton mai kishi suke yawo da shi a damtse, da wasu sun sake shawara.

Wanda ya fi yawa a nan kuwa, a ganina, ƙwallo ce ta kawo shi. Kulob ɗin Manchester United na Ingila ana yi masa laƙabi da Jajayen Shaiɗanu, sunan da aka aro daga ƙungiyar zari-ruga ta Salford a zamanin koci Matt Busby, kuma tun farkon shekarun 1970 shaiɗanin yake cikin tambarin kulob ɗin. Yaron da ya zana wannan, kulob yake so, ba Iblis ba. Sai dai tsohuwar da ke gida ba ta san Manchester ba, ƙaho ta gani.

Nan ne matsalar take. Tun wajejen 2009, lokacin da labarin 'yan sakawa ya cika gidajen rediyo da finafinan Gana, wato masu damfara ta intanet da ake cewa suna haɗawa da tsafi, jama'a suka shiga zargin duk saurayin da ya yi kuɗi ba zato. Kalmar sakawa ma daga Hausar zango ta fito. Yaro ya dawo da sabon babur da ƙaho a ƙirji, ai ba sai an tambaye shi ba, gari ya riga ya yanke hukunci. In ya je neman aure, waliyyai za su bincika, kuma a ƙauye babu abin da ke ɓoyuwa ga abokan wanka a dam. A yanki kamar Bawku, inda rikicin sarauta ya sa har an taɓa hana sa rigar saƙi a 2021 don gudun ɓoye makami, jami'in tsaro da ya ɗaga rigar saurayi a shinge ya ga irin wannan zane, tambayoyinsa za su yi tsawo.

Ga kuma maganar aiki. Rundunar sojan Gana da ta 'yan sanda suna sa rashin tatu cikin sharuɗɗan ɗaukar sababbin ma'aikata, kuma a ranar tantancewa tuɓe riga ake yi a duba. A gundumar da babu masana'anta, inda bayan noman gero da albasar rani aikin ɗamara yana cikin 'yan ƙofofin da suka rage wa mai takardar sakandare, zanen awa biyu yana iya rufe wa yaro ƙofa har abada.

Ta fuskar lafiya, injin zanen, wanda Samuel O'Reilly ya yi wa rajista a New York a 1891, allura ce da ke huda fata da sauri tana ajiye tawada a ƙarƙashin fatar sama, shi ya sa ba ya gogewa. Duk inda allura ta taɓa jini kuwa, in an yi wa mutum biyu da ita, ciwon hanta nau'in B da C da ƙanjamau suna iya bi, kuma ciwon hanta ba baƙo ba ne a arewacin Gana. Jar tawada, wadda ita ce ta zanen shaiɗan, ita ta fi yawan jawo ƙaiƙayi da kumburi, ga shi ba ta fita sosai a baƙar fata, bayan 'yan shekaru sai ta koma kamar tabon ƙuna. Mai jikin da tabo ke tsirowa ya yi tudu, shi kam ya yi nesa da allurar baki ɗaya. Ƙasashen Tarayyar Turai sun taƙaita sinadarai masu yawa a tawadar tatu tun Janairun 2022, amma tawadar da ake zuba wa yaranmu a bayan kanti, wa ya duba ta?

Malamai da yawa na addinin biyu suna hani da abin. Hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito ya la'anci mai yin zanen da wadda ake yi wa, Kiristoci masu hani kuma suna kafa hujja da Littafin Firistoci, sura ta 19 aya ta 28. Tambayar da ta fi zuwa daga samarin da suka yi nadama ita ce ta alwala da salla. Malamai da yawa suna cewa tunda tawadar tana ƙarƙashin fata, ba ta hana ruwa taɓa jiki, don haka mutum ya tuba ya ci gaba da sallarsa, ya cire in zai iya ba tare da cutar da kansa ba.

Cirewar ce aiki. Da na'urar leza ake yi, zama bayan zama, da tazarar makonni, sai an je manyan birane, kuma kuɗinta ya ninka na zanen sau da yawa, a baƙar fata ma takan bar fari-fari. Masu goga ruwan batir, ko ɗora dutsen guga, ko kankarewa da reza, ƙaho yakan tafi amma tabon da ya fi shi muni ya zauna, wani lokaci har da ruɓewar da sai an kwana asibiti.