Lakwal Mishan: yadda makarantun Katolika ke tarbiyyar yara, da abin da ya kamata uwaye su sani

Duk lokacin da aka doshi watan Oktoba, lokacin komawar yara lakwal, akwai tambayar da ba ta ƙarewa a bakin uwaye, a majalisa, a fada, har ma a kiran da masu saurare ke yi mana: shin ya dace Musulmi ya kai ɗansa makarantar Mishan? Wasu na cewa can ne karatu da ladabi suke. Wasu kuma na tsoron kada a juya wa yaro addini. Mun ga ya kyautu mu warware yadda waɗannan makarantu ke tafiya, don kowa ya yanke shawararsa da sani.

Wace Mishan ake nufi?

A bakin mutanenmu duk abin da Kiristoci suka kafa Mishan ne, amma Mishan ɗin iri biyu ce. Akwai ta ƙungiyar SIM, ta ɗarikar Furotesta, wadda ta sauka Damagaram a 1924, kuma ita ce ta kafa asibitin Galmi da na Danja. Akwai kuma ta ɗarikar Katolika, wadda limamanta na farko suka zauna Yamai a 1931. A kan makarantun Katolika ne muke magana yau.

Katolika sun raba ƙasarmu gida biyu. Yankin Yamai ya haɗa da jihohin Tilaberi da Doso, kuma babban limaminsa shi ne Monsanyor Laurent Lompo, ɗan Nijar na farko da ya kai wannan matsayi. Yankin Maradi, wanda aka kafa a 2001, shi ya tattaro Maradi, Damagaram, Tawa, Agadas da Difa. Ƙarƙashin kowane yanki akwai abin da suke kira parwas, wato majami'a guda tare da mabiyanta na gari ko na unguwa, da limamin da ke riƙe da ita, wanda jama'a ke ce wa mompe. Makarantar parwas ita ce lakwal ɗin da ke jingine da wannan majami'a.

Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna Kiristoci ba su kai kashi 1 cikin 100 na ƴan ƙasa ba. Ke nan ba su da yaran da za su cika azuzuwan. Mafi yawan ɗaliban waɗannan makarantu ƴaƴan Musulmi ne, kuma a cikin malaman ma Musulmi na da yawa. Karatun da ake yi shi ne na gwamnati, daga CI zuwa CM2, da littattafai iri ɗaya, kuma sufetocin ma'aikatar ilimi na shiga su duba kamar ko'ina.

Makaranta a tsakar gida

Abin da ya fara bambanta makarantar parwas shi ne ba ta zaune ita kaɗai. Sau da yawa fili ɗaya ne ya haɗa majami'a, gidan limamai, gidan matan nan masu hidimar addini da ake kira masera, da azuzuwa, wani wurin har da ɗakin shan magani. Masu riƙe da makarantar a nan suke kwana, a nan suke tashi. In rufi ya yi yoyo su ne na farkon gani. In yaro ya kwana uku bai zo ba, akwai wanda zai tambaya, wani lokaci har a taka zuwa gidansu.

Kuɗin da uwaye ke biya shi ne ƙashin bayan makarantar, shi ya sa ƙungiyar uwayen yara ke da baki a ciki. A taronta za ka ga ɗan kasuwa, da ma'aikacin gwamnati, da baƙon da ya zo daga Benin ko Togo ko Burkina, duk kan benci ɗaya suna gardama a kan kuɗin gyaran famfo. A ƙarshen shekara a yi bikin raba sakamako, yara su yi wasan kwaikwayo da raye-raye. In Sallah ta zo a kai wa maƙwabta Kiristoci nama, in Nowel ta zo su ma su aiko da abinci. A irin wannan zama ne yaro ke gane cewa wanda ba addininsu ɗaya ba shi ma mutum ne mai suna, mai uwa da uba.

Ladabin da ake yabo

In ka tambayi uba dalilin da ya sa ya zaɓi Mishan, amsar farko ita ce ladabi. To amma mene ne ladabin? In an duba da kyau, ƙananan abubuwa ne da ake maimaitawa kullum ba fashi. Ana rufe ƙofa a kan lokaci. Kayan lakwal iri ɗaya ne, ɗan mai kuɗi da ɗan talaka ba a gane su a sutura. Yara ke share ajinsu bi da bi, su ba itatuwa ruwa. Ana duba aikin gida, a sa hannu. Takardar sakamako kuwa sai uba ko uwa sun gani sun sa hannu kafin ta dawo.

Babban sirrin shi ne dokar ta hau kan malami kafin ta hau kan yaro. Malamin da ya makara zai tarar da darakta a bakin ƙofa. Ba a bar aji babu kowa ba, kuma yajin aikin da ya sha cinye makonni a makarantun gwamnati ba ya cika taɓa su. Yaron da ya ga babba na kiyaye lokaci ba sai an yi masa dogon wa'azi ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma sai mai tanƙwarar ya kasance a wurin.

Horo kuma hawa-hawa ne: a ja kunne, a ba yaro wani aiki, a kira uwaye, in abin ya ƙi a sallame shi. Hukumomin ilimi sun hana bulala a makarantun boko, kuma wannan hani ya shafi na Mishan kamar yadda ya shafi sauran. Duk uban da ya ga shaidar duka a jikin ɗansa yana da haƙƙin zuwa wurin darakta.

Akwai kuma ƙorafin da ya kamata a faɗa. Kuɗin makaranta ya fi ƙarfin magidanta da yawa, ko da ana sassauta wa wasu marayu da marasa hali. Wuri kuma kaɗan ne, masu nema da yawa. Sannan akwai zargin da ake yi wa makarantun kuɗi gaba ɗaya, cewa suna sallamar yaran da ba su ja don sakamakon jarrabawa ya yi kyau. Makarantar da ke cewa don talaka aka kafa ta, dole a auna ta da wannan mudu.

Maganar addini

Nan ne zuciyar uwaye ta fi tsayawa. A tsarin Katolika abubuwa biyu ne, kuma ana raba su.

Na farko shi ne koyar da addinin Kirista kansa, wanda suke kira kateshis. Wannan na ƴaƴan Kiristoci ne, kuma galibi a majami'a ake yin sa, a lokacin da babu aji. Malamin kateshis na koya musu labaran Littafi Mai Tsarki, addu'o'i, da dokoki goma. Shekaru ake ɗauka ana hawa mataki-mataki: baftisma, sai karɓar gurasar ibada karo na farko, sai tabbatarwa, wadda babban limamin yanki ke yi da kansa. Suna halartar sujadar Lahadi da suke kira mes, su yi waƙa a ƙungiyar mawaƙa, su kiyaye azuminsu na kwana 40 kafin idin Paska. Ga iyalin Kirista da ke zaune cikin unguwar da kowa Musulmi ne, wannan wuri ne kaɗai ɗansu ke ganin tsaransa masu addini irin nasa, don haka abin na da nauyi a wurinsu.

Na biyu shi ne tarbiyyar da ta haɗa kowa: gaskiya, riƙon amana, girmama na gaba, tausayin mai rauni, yafe wa juna. Babu uban da zai ƙi ɗansa ya tashi da waɗannan.

Game da tsoron juya addini, ga abin da dokar Katolika ta tanada. A babban taron limamansu na duniya da aka kammala a Vatikan a 1965, sun rubuta cewa ba a tilasta wa kowa shiga addini, kuma suna girmama Musulmi. Dokarsu ta ce kafin a yi wa ƙaramin yaro baftisma sai da yardar uwayensa. Babban da ya nemi shiga da kansa ma sai ya daɗe yana karatu kafin a karɓe shi.

Sai dai kada uba ya ɗauka wurin babu alamar addini. Yaro zai ga gicciye a bango, zai ga mutum-mutumin Maryamu, zai ji ƙararrawa. Makarantar kuma ba za ta koya masa Alƙur'ani ba. Wannan nauyi na nan a wuyan gida, shi ya sa uwaye da dama ke haɗa wa yaro lakwal da safe, makarantar allo ko islamiyya da marece da ranakun hutu.

Darasin Janairun 2015

Ba mu manta ranakun 16 da 17 ga Janairun 2015 ba, lokacin da zanga-zangar nuna fushi kan zanen ɓatancin jaridar Charlie Hebdo ta Faransa ta rikiɗe a Damagaram da Yamai. An rasa rayuka, an ƙona majami'u masu yawa, wutar kuma ta ci makarantar Mishan ta Damagaram. Da gari ya waye, yawancin yaran da suka rasa aji ƴaƴan Musulmi ne. A ranakun nan kuma an samu Musulmin da suka ɓoye maƙwabtansu Kiristoci a gidajensu. Wannan ya nuna cewa amana ce ke riƙe da irin wannan makaranta: Kirista ya riƙe ɗan Musulmi bai taɓa masa addini ba, Musulmi kuma ya tsare wurin kamar nasa.

Kafin a rubuta yaro

Shawararmu ga uwaye ita ce gani ya kori ji. Ku je da ƙafarku ku zauna da darakta. Ku tambaya ko ana addu'a kafin shiga aji, kuma me ake so ɗan Musulmi ya yi a lokacin. Ku tambayi yadda ake yi da sallar Azahar da ta Juma'a, da azumin Ramadan, da ɗankwalin ƴan mata. Ku nemi a ba ku dokokin makarantar a rubuce, ku san kuɗin shekara dukansa da yadda ake biya kashi-kashi, da abin da ake yi wa yaron da karatu ya yi wa nauyi. Ku kuma nemi uwayen da ƴaƴansu suka riga suka yi shekaru a can, ku ji ta bakinsu.

Waɗanda suka yi karatu a Mishan, da malamai, da uwayen da ke da yabo ko ƙorafi, ƙofarmu a buɗe take. Ku aiko mana da saƙo, za mu karanta a shirinmu na ilimi. Allah ya raya mana zuri'a, ya ba ƙasarmu zaman lafiya.